Ruwan da ke zuba cikin mota: asarar da masu motoci a Jos ke jawo wa kansu

Birnin Jos yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, don haka mai mota zai iya shafe watanni bai kunna na'urar sanyaya iska ba. Sai ranar da ya gangara Akwanga ko Bauchi zafi ya matsa masa, ya kunna ta, sannan ya tarar da kafet ɗin gefen fasinja ya jiƙe sharkaf.

Galibi abin ba shi da wuya. A bayan dashbod akwai ƙarfen da ke sanyaya iskar, kuma laima takan taru a jikinsa ta zama ruwa, kamar yadda raɓa ke kwanciya a kan kwalbar lemo mai sanyi. Wani ɗan tiyo ne ke fitar da ruwan zuwa ƙarƙashin mota. Ƙurar hunturu da ganyaye da ruɓewar datti sukan toshe tiyon, musamman a motar da na'urarta ta daɗe a kashe, sai ruwan ya komo ciki. Buɗe shi da iska mai ƙarfi aikin mintoci ne. Wani lokaci kuma filtar iska ce ta cika da datti har ƙanƙara ta daskare a kan ƙarfen, ta narke daga baya.

To amma a gareji da dama, da zarar an ambaci na'urar sai a ce gas ya ƙare. A ɗura sabo, a karɓi kuɗi, tiyon na nan a toshe. Tun da aka saki darajar naira a 2023 kayan gyara na waje suka yi tsada a kasuwar Dilimi, saboda haka ba daidai ba ne a sayar wa mutum abin da ba shi ne maganin matsalarsa ba.

Akwai kuma abin da ya shafi Jos musamman. A nan ana kunna na'urar ɗumama mota a watan Disamba da Janairu, kuma da ruwan lagireto take aiki. Ruwan sanyaya iska fari ne tas, ba wari. In kuwa yana da launi da santsi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, to na lagireto ne ke yoyo, kuma injin na iya ɗaukar zafi a tsakiyar hanya.

Jinkiri ma yana da farashinsa. Kafet mai laima yakan sa ƙasan mota ya yi tsatsa, ya ɓata wayoyin da ke bi ta ƙarƙashinsa, kuma dillali na shaƙar warin zai rage kuɗin motar. Ya kamata ƙungiyar makanikai ta NATA ta sa mambobinta a Farin Gada su riƙa duba tiyon da filtar kafin su taɓa gas. Masu motocin haya da kamfanoni kuwa su sanya wannan dubawa cikin sabis na watan Maris, bayan ƙura ta lafa, kafin damina ta sauka.