Ƙafar jirgi, da wanda ya ga matsalar

Idan aka ji ƙaramin jirgin koyon tuƙi ya sauka a kan cikinsa domin ƙafafunsa sun ƙi fitowa, mutane sukan yi hamdala su wuce. Sau da yawa malami da ɗalibi sukan fito da ƙafarsu, farfela ce kawai ta lanƙwashe, ciki ya kankare. Jirgin ba nauyi, gudunsa na sauka kaɗan ne. Amma mu mutanen Sakkwato, ko a Arkilla muke ko a Mabera, bai kamata mu ɗauki maganar ƙafar jirgi da wasa ba.

A ranar 11 ga Yuli 1991, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda ke jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai zo Sakkwato. Bai iso ba. Mutum 261 suka rasu, fasinjoji 247 da ma'aikata 14. Maƙwabtanmu ne, kuma akwai gidajen da har yau ba su manta ba.

Abin da bincike ya gano shi ya fi tayar da hankali. Lafiyar injin lau. Tayoyi biyu ne ba su da isasshiyar iska, kuma an san haka kwanaki kafin ranar. Maimakon a gyara, sai aka sauya alƙaluman da ke takardar duba jirgi. Dab da tashi, makanike ya nemi iskar nitirojin don a ƙara wa taya, ba a samu da wuri ba, jami'in da ke kula da jigilar kuwa bai yarda a yi jinkiri ba. Matuƙin ba wanda ya gaya masa. Tayoyin hagu suka fashe jirgin na gudu a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun zuwa cikin jirgi da wutar a jikinsu. A wurin babu na'urar da za ta sanar da matuƙi akwai gobara. Sun juyo, amma jirgin ya faɗi kimanin kilomita 3 kafin titin sauka.

Me ya haɗa wannan da ƙaramin jirgi? A can ake koyon halin. A Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da sauran makarantu irinta, ana koya wa ɗalibi ya zagaya jirgi kafin ya hau, ya duƙa ya dubi taya da birki, ya duba ko mai na ɗiga. A jirgin da ke naɗe ƙafa, ba ya sauka sai ya ga fitilu uku kore, alamar kowace ƙafa ta fito ta kulle. In ɗaya ta ƙi kamawa, akwai hanyar sakin ƙafafun ta gaggawa. Wannan duka mai sauƙin koyo ne. Mai wuyar shi ne yaro ɗan shekara 22 ya ce wa na gaba da shi jirgin nan ba zai tashi yau ba, alhali iyayensa sun sayar da gona don sa'o'in tashin da yake jira. A al'adarmu, wadda ƙarami ba ya musu da babba, abin ya ƙara nauyi.

Shi ya sa, 'yan'uwa, nake ganin ƙaramin hatsarin da ba a rasa rai ba ya cancanci a bi diddiginsa kamar babba. Hukumar binciken hatsari ta ƙasa, NSIB, tana wallafa rahotanninta, kowa na iya karantawa. Iyayen da ke shirin kai ɗa ko 'ya makarantar tuƙi suna da damar tambayar makarantar: jirage nawa ke tashi, nawa ke ajiye don rashin kayan gyara, kuma yaushe rabon da a soke tashi saboda makanike ya ce a'a?