Turakun siminti a gonakin gawo

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, ya ratsa Tsibiri da Agiye, zai ga ƴan turakun siminti jere cikin gonakin bakin gari. Alamar lotisma ke nan: an auna, an yanka, gonar hatsi ta zama parsal. Abin ya fi ƙamari wajen Tsibiri, domin birnin Maraɗi, mai mutum kimanin 110.000 a ƙidayar 1988, ya kai kusan 267.000 a ta 2012, kuma ba shi da inda zai miƙe ƙafa sai ƙasar maƙwabta.

Manoma na kuka, wasu kuwa a ofis suna ɗaukar kukan tamkar ƙin ci gaba. Ba su saurara da kyau ba. Babu mai musun cewa ɗan Adam na bukatar wurin kwana. Abin da mutanen karkara ke tambaya shi ne: wace ƙasa za a yanka, wa aka shawarta, kuma ina ruwa zai bi?

Gonakin nan ba fako ba ne. Bayan yunwar 1984, manoman wannan yanki suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi a ƙone. A Ɗan Saga ta ƙasar Agiye har kwamitin tsaron itatuwa aka kafa, da mata da makiyaya a ciki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya hekta miliyan 5 ta sake yin kore a Nijar, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma daga ƙasashe da dama ake zuwa koyo. Gawon da aka yi shekara 30 ana reno, mai ba gona taki, mai ba bisashe abinci da rani, shi ne katafila ke tumɓukewa kafin azahar. Mai gona yakan samu ƴan parsaloli a matsayin diyya. Ya sayar da ɗaya ya yi aure, ya sayar da ta biyu a lokacin bazara, shekara uku sai ga shi yana ƙodago a ƙasar da ya gada.

Sai burtali. Garin da ya faɗaɗa ya haɗiye hanyar dabbobi, garke kuwa dole ya isa rijiya, sai ya bi ta gona. Mutanen Gidan Rumji ba su bukatar a faɗa musu ƙarshen wannan hanya: a Toda, cikin watan Oktoba 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci ran mutum sama da 100, yawancinsu mata da yara.

Batun ruwa kuwa, tarihin Maraɗi kansa shaida ne. Ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945 ita ta tashi tsohon gari daga fadama, ta sa aka koma tudu. Kakanni sun hau, jikoki na gangarawa da takardar fili a hannu. Parsal da aka yanka a kan hanyar ruwa, ba magudana, ba lambatu, rahusa ce da rani kawai. Ruwan ƙarshen watan Agusta 2024, da ya rushe gidaje ya kashe mutane a Maraɗi, ya nuna kuɗinta na gaskiya.

Abin takaici, doka na bayan masu kukan. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo. Dokar muhalli ta 1998 ta wajabta binciken illar babban aiki kafin a soma shi. Ta kiwo ta 2010 ta hana kowa mallakar burtali da makiyaya. To, me ya hana? Kuɗi. Ƙaramar hukumar da haraji ba ya shigo mata, fili ne rumbunta, kuma ita kanta gwamnati ta taɓa biyan bashin albashin ma'aikata da parsal. Wanda ya koyi cin ƙasa da wuya ya koma tattara kuɗin kasuwa.

A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadinsu. Kansilan da manomi ya sani, wanda zai tare a kasuwa ya tuna masa da ƙuri'arsa, ya tafi. Saura mai gari da sarki da Kofo, kuma sau da yawa su ma ba su jin labarin lotisma sai ranar da masu awo suka sauke kayansu a gona.