An Tafi Da'awa, Wa Aka Bar wa Jikoki?

Wani maƙwabcina a nan Briqueterie, dattijo da ya haura shekara 60, ya bi 'yan Tabligi zuwa Cadi shi da uwargidansa, fitar kwana 40. Da guzurin aljihunsu suka tafi, kamar yadda tsarin yake tun da Maulana Ilyas ya kafa tafiyar a Indiya a 1926. Allah Ya ba da lada.

Sai dai jikoki uku suka bari a hannun yarinya 'yar shekara 15. Namijin cikinsu ɗan ajina ne. Mako biyu ban ga ƙeyarsa ba, sai jiya na tsince shi yana dako a kasuwar Mokolo.

Baba Alhaji, kafin ku hau jirgin Ngaundere, wane babba kuka damƙa wa yaran nan?