Yawan Haske Ba Shi Ne Gwaninta Ba

Akwai wata cuta da ta kama ɗalibai masu koyon aikin fim, wadda ya kamata a yi maganinta tun ba ta zama jiki ba. Cutar kuwa ita ce tsoron duhu. Da zarar an ba yaro kyamara, aka ce ya shirya ɗan gajeren fim na gwaji, sai ya tattaro duk fitilun da ya samu, na aro da na haya, ya kunna su gaba ɗaya, ya haske wuri kamar tsakar rana. Ɗakin amarya da gidan makoki duk haskensu ɗaya. Ɓarawo ya hauro gida da tsakar dare, ga shi nan a fili kamar mai talla a kasuwa. Sa'an nan a zo ana mamakin abin da ya hana masu kallo jin tsoro ko tausayi.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun kaka da kakanni ba a yin tatsuniya da rana, sai dare ya yi. Labarin Dodo da ya ke sa yara su maƙale jikin tsohuwa a gaban acibalbal, in an faɗe shi da hantsi ba mai razana. Labarin bai sāke ba, haske ne ya sāke. Watau haske da inuwa su ke fara gaya wa zuciya abin da za ta ji, tun ɗan wasa bai buɗe baki ba.

A makarantun wannan sana'a a kan fara da koyar da fitilu 3. Ta farko ita ce babba, mai haska fuska daga gefe guda. Ta biyu ƙarama ce, aikinta rage duhun inuwar da babbar ta jefa. Ta uku tana bayan mutum, don ta raba shi da bango. To, a tsakanin ta farko da ta biyu asirin ya ke. In ƙarfinsu ya kusa zama ɗaya, fuska ta kan fito sarai, abin da ya dace da raha da biki. In aka rage ta biyu ƙwarai, sai rabin fuska ya nutse cikin duhu, mai kallo ya soma zargin akwai abin da mutumin nan ya ke ɓoyewa. In kuwa aka hasko fuska daga ƙasa, ko salihi sai ya yi kama da mugu, gama ido ya saba da haske daga sama.

Gani ya kori ji. A shekarar 1922, wani Bajamushe mai suna Murnau ya yi fim ɗin Nosferatu, labarin wani dodo mai shan jini. Abin da mutane suka fi tunawa a cikinsa har yau shi ne inuwar dodon a jikin bango, tana hawan matakala da dogayen yatsu. Haka kuma a 1972, a Amurka, mai ɗaukar hoto Gordon Willis ya hasko Marlon Brando daga sama a fim ɗin The Godfather, har idanunsa suka shige cikin inuwa. Mutumin da ba a ganin ƙwayar idonsa ba a sanin abin da ya ke saƙawa, shi ya sa ya yi kwarjini.

Uzurin farko da ɗalibai su ke kawowa shi ne rashin kuɗi, wai wannan aikin masu manyan kaya ne. Wannan magana ba ta da tushe. A ƙasar Indiya, Satyajit Ray ya ɗauki wani saurayi, Subrata Mitra, wanda bai taɓa ɗaukar fim ba, ya danƙa masa kyamara. Fim ɗinsu na farko, Pather Panchali, ya fito a 1955, ya sami lambar yabo a bikin Kan na Faransa a 1956. A fim ɗinsu na biyu, Aparajito, tsoron ruwan damina ya sa aka gina tsakar gida a cikin rufaffen ɗaki. Sai Mitra ya shimfiɗa farin ƙyalle a sama, ya juya fitilu suka dubi ƙyallen, haske ya dawo ƙasa a tausashe kamar na sararin sama. Farin ƙyalle kuwa akwai shi a kowace kasuwa. Taga ma fitila ce, haka ranar safe da ta la'asar sakaliya. Wanda ya nisanta fitila ninki 2, haskenta a kan fuska ya kan koma kashi 1 cikin 4, ba tare da ya kashe ko kwabo ba. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Uzuri na biyu ya fi nauyi. Su kan ce baƙar fata tana ɓacewa a hoto in ba a cika haske ba, masu kallo kuma suna son ganin fuska. Lalle akwai gaskiya a nan. Tun wajen shekarun 1950, kamfanin Kodak ya riƙa ba masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda da shi su ke daidaita launi, saboda haka aka daɗe ana zaluntar baƙar fata a hoto. Amma dallara wa mutum fitila a goshi ba magani ba ne, sai dai ya sa fuska ta yi ƙyalli, kamanninta su baje. Baƙar fata tana da sheƙi, ta fi kyau da haske mai faɗi mai taushi daga gefe, irin wanda farin ƙyalle ko farin bango ya ke mayarwa. Ɗalibin Kano ko na Jos da ya kwaikwayi ƙa'idar da aka tsara don wata fata, bai gwada ta a kan fuskar ɗan'uwansa ba, ya yi asarar karatunsa.

Ba a ce a bar hoto cikin duhun da ba a ganin kome ba. Duhu iri biyu ne: akwai na wanda bai iya ba, akwai na wanda ya ajiye inuwa da gangan inda ya ke so. Na farko aibi ne, na biyu sana'a ce.

Saboda haka nauyi yana kan malamai. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kafin a bar ɗalibi ya taɓa fitilu 3, a ba shi guda ɗaya tak, da farin ƙyalle, da fuskar abokinsa, a ce ya nuna murna da tsoro da baƙin ciki ba tare da abokin ya motsa ba. Wanda ya iya wannan ya cancanci a ƙara masa fitila. Wanda ya kasa kuwa, ko an ba shi fitilu 100 ba za su amfane shi ba, gama rashin sani ya fi dare duhu.