A Ba Babur Ɗan Haɗi Takardarsa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Junju, garin da takardun gwamnati ke rubutawa Dioundiou, ya san irin baburan da ake nufi. Tanki na wani kamfani ne, inji na wani, ƙafar gaba an ciro ta daga wani babur da ya daɗe da mutuwa, sirdi kuwa baduku ne ya ɗinka shi a cikin gari. In aka tambayi mai shi sunan abin hawansa, sai ya yi murmushi ya ce haɗi ne. A zaure ko ƙarƙashin rumfar ƙofar gida aka ƙera shi, a hannun bakanike da yaransa biyu ko uku. Shi ke ɗauko rake da rogo daga fadamun Dallol Mawri, shi ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare, shi ke kai malamin lakwal ƙauyen da aka tura shi a yankin Karakara ko Zabori. Amma duk da wannan hidima, a wajen hukuma kamar ba a san da zamansa ba. Wannan kuskure ne da ya kamata magabata su gyara, domin asararsa tana kan talaka, tana kuma kan baitulmali.

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ranar 12 ga watan Janairu na 1994, bayan taron shugabanni a Dakar, aka wayi gari an karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake samu a sefa 50 ya koma sefa 100. Duk wani ƙarfe da ke fitowa daga Turai ko Japan sai farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, a daidai lokacin da ma'aikatan gwamnati ke shafe watanni ba su ga albashi ba. Ma'aikacin da Yamaha ko Suzuki ko Mobylette ɗinsa ta tsufa ba shi da halin sabuwa, sai ya tura ta wurin bakanike. Shi kuma bakanike ba shi da kayan asali, sai ya juya ga tarin matattun babura da ke bayan rumfarsa, tunda rashin uwa akan yi uwar ɗaki. A ƙetaren iyaka, tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shi a 1986 ya riga ya koya wa kanikawan Kamba da Birnin Kabi da Sakkwato wannan darasi. Ta kudu kuwa, kayan gwanjo na Kwatano suna haurowa ta gadar Malanbil zuwa Gaya. Ƙasar Junju ta sami kanta tsakanin waɗannan kasuwanni, ga kuma sana'ar kabu-kabu tana cin babura kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

Zuwan baburan Sin masu rahusa a farkon shekarun 2000, irin su Jincheng da Kasea, bai kashe wannan sana'a ba, sai ma ya ƙara mata ƙarfi, kuma akwai dalili. A 1975 kamfanin Honda ya fitar da samfurin CG125, wanda aka tsara injinsa musamman domin ƙasashen da ba a cika canza baƙin mai a kan kari ba: inji mai sauƙin kwancewa, mai jure wahala. Kamfanonin Sin da dama sun kwaikwayi wannan inji, shi ya sa sau da yawa kayan wannan ke shiga cikin wancan, ko da sunan da ke jikin tanki ya bambanta. Bakaniken Junju bai karanta wannan tarihi a littafi ba, amma hannunsa ya san shi.

Masu raina aikin suna cewa ai liƙe-liƙe ne kawai. Da za su zauna wuni guda a rumfar, da sun sake magana. Wanda zai ɗora injin wani babur a kan gangar jikin wani, tilas ya sake wuraren ɗaure injin, ya kuma tabbata farantin haƙora na gaba da na ƙafar baya suna kan layi ɗaya, in ba haka ba sarƙa za ta riƙa zamewa ko ta tsinke ana cikin gudu. Tilas ya san ko wutar babur ɗin mai ƙarfin 6 ce ko mai 12, don kada ya ƙone fitila da batir. Tilas ya bambanta injin da ake gauraya wa baƙin mai cikin fetur da wanda ke da mazubinsa dabam. Tilas kuma ya auna ko birkin da aka yi domin ƙaramin inji zai iya tsayar da babba, ga buhu biyu na gero a baya. Wannan ilimi ne, ko da yake babu wata takardar shaida da ke ɗauke da shi.

A wajen takarda ne matsalar take. Takardar mallakar abin hawa, wadda aka sani da kart giriz, an gina ta ne a kan zaton cewa kowane babur kamfani ɗaya ya ƙera shi, lambar shasi ɗaya gare shi, rana ɗaya kuma ya shigo ƙasa aka biya masa kuɗin duwan. To, babur ɗin da gangar jikinsa ta shigo shekaru ashirin da suka wuce, injinsa ya zo bara cikin buhu daga Kamba, wace takardar duwan zai nuna? Saboda haka mai shi ya haƙura da rajista. Ba lamba, ba inshora. Kullum ya hango shinge a hanya gabansa na faɗuwa, ko ya ratsa daji, ko ya miƙa na goro. Kuɗin da ya kamata ya shiga asusun gwamnati sau ɗaya da rasit, sai ya riƙa zurarewa kaɗan-kaɗan a bakin hanya ba tare da kowa ya rubuta ba. In an sace babur ɗin ba shi da hujjar nema. In zai sayar, sai a farashin wulaƙanci. In ya buge wani, wanda aka buge ba shi da inda zai kama.

Akwai masu adawa da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko suna cewa rumfar haɗi ita ce maɓoyar ɓarawo: a sace babur da dare, kafin azahar an rarraba shi gida huɗu. Na biyu suna cewa walda marar kyau a wuyan babur kisan kai ce, kuma gaskiyarsu. Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne batun tsaro. Kowa ya san a kan babura ƴan bindiga ke yawo a ƙasashen Sahel da arewa maso yammacin Nijeriya, har ta kai hukuma ta hana hawan babur a jihar Difa a 2015, ta kuma hana a yankuna da dama na jihar Tilaberi a watan Janairu na 2020. An ga yadda wannan hani ya durƙusar da kasuwannin ƙauye, ya bar dubban samari babu abin yi.

Sai dai in aka duba da kyau, waɗannan hujjoji uku duk rajista suke kira. Ɓarawo ya fi kowa son babur marar lamba. Walda marar kyau ba za a gane ta ba sai in akwai wurin da ake kai babur a duba. Jami'in tsaro kuwa ba zai iya rarrabe babur ɗin manomi da na ɗan bindiga ba muddin dukansu ba su da suna a kundin kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce barin dubban ababen hawa a wajen doka. Inda babu rajista, ranar da abu ya ɓaci hukuma ba ta da wata dabara illa ta hana kowa, mai laifi da marar laifi.

Ƴan kasuwa masu shigo da sabbin babura su ma kada su ɗauki bakanike kishiya. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da lokacin da aka datse gadar Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, an ga yadda kaya ke yankewa cikin ƴan kwanaki. A irin wannan hali, mai iya tayar da mataccen inji shi ke riƙe da zirga-zirgar karkara. Kuma kowane babur da ya tayar, sabon mai sayen taya ne da buji da sarƙa da baƙin mai a shagon ɗan kasuwa.

Tarihi ma yana da abin cewa. A 1946, a garin Hamamatsu na ƙasar Japan da yaƙi ya ragargaza, Soichiro Honda ya sayi ragowar ƙananan injinan da sojoji ke ba rediyonsu wuta da su, ya riƙa ɗaura su a kan kekuna. Tankin gwajinsa na farko gorar ruwan zafi ce ta ɗumama shimfiɗa. Ɗan haɗi ke nan tsantsa, kuma daga nan kamfanin da aka kafa a 1948 ya samo tushe. A kusa kuma, garin Nnewi na kudancin Nijeriya daga cinikin kayan babur ya fara, ya kai ga harhaɗa babura, har Innocent Chukwuma ya buɗe masana'antar motocin Innoson a 2010. Unguwar Suwame a Kumasi, da Panteka a Kaduna, da Katako a Yamai, duk shaida ne cewa masana'anta daga tarkacen ƙarfe take tsirowa. Ba kowane bakanike ne zai zama Honda ba, amma ƙasar da ke farautar kanikawanta ba za ta taɓa samun ko ɗaya ba.

Abin da ake nema ba shi da tsada. A Faransa, inda aka gaji yawancin tsarin takardun ƙasar nan, akwai hanyar da ake kai abin hawan da aka ƙera ko aka sauya shi kaɗai, masana su duba shi, in ya cika sharuɗɗa a ba shi takarda. Irin wannan ce ya kamata a sauƙaƙa a kawo kusa da jama'a, domin dokar da sai an je Doso ko Yamai kafin a ci moriyarta ba ta iso talakan Zabori ba. Tun 2011 aka cire Junju daga Gaya ta zama gunduma mai cin gashin kanta, saboda haka akwai hukumar da za ta riƙe aikin. Na ɗaya, a sa rana a kowane wata da ma'aikacin sufuri zai zo ya duba birki da walda da fitila, tare da wakilin kanikawa. Na biyu, babur ɗin da ya ci jarrabawa a buga masa sabuwar lamba a jikin ƙarfe, a rubuta lambar injinsa, a karɓi kuɗi ƙayyadadde da rasit, wanda bai fi ƙarfin manomi ba. Na uku, kowane bakanike ya riƙe littafin da zai rubuta daga hannun wa ya sayi inji ko gangar jiki, da shaidar mai unguwa. Na huɗu, cibiyoyin koyon sana'a su riƙa gwada yaran rumfa a kan abin da suka iya, su ba su takardar shaida, maimakon a ce sai wanda ya zauna a aji.

Su ma kanikawa akwai nasu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya sayi inji da tsakar dare a rabin kuɗinsa ya san abin da ya saya. Wanda ya liƙe tsagaggen wuyan babur ya shafa fenti a kai, alhakin duk wanda ya faɗi yana wuyansa. In suna son hukuma ta girmama sana'arsu, sai su haɗa kai su fitar da baragurbi da hannunsu, kafin a yi musu kuɗin goro.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Baburan nan suna kan hanya, da takarda ko babu, gobe ma za su fito da asuba ɗauke da rake zuwa kasuwa. Abin da ya rage wa magabata shi ne su zaɓa: ko dai su san su, su duba lafiyarsu, su karɓi haƙƙin gwamnati a fili, ko kuwa su bar su a hannun mai shinge da ɓarawo.