Bauchi Na Bukatar Rumbun Wuta

Mutanen Bauchi ba za su manta da shekarar 2024 ba. A watan Afrilu ɓata-gari suka kayar da turakun babban layin lantarki da ya tashi daga Jos zuwa Gombe. A watan Oktoba kuma, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai na Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Masu walda da masu injin niƙa suka zauna hannu rabbana, mai ƙanƙara ya rasa abin sayarwa, kuɗin ruwa ya hau.

Abin da ya fito fili shi ne, wutar da Bauchi ke sha daga nesa take zuwa, kuma babu inda ake ajiye ko kaɗan daga cikinta. Manomin da ba shi da rumbu, ranar da kasuwa ba ta ci ba iyalinsa da yunwa za su kwana.

Ba kuwa don Gwamnatin Tarayya ba ta kashe kuɗi ba ne. A shekarar 2024 kaɗai, rangwamen da ta ɗauka a kan farashin lantarki ya kusa naira tiriliyan 2. Amma wannan kuɗi ne da ke ƙarewa da ƙarewar wata, ba ya barin komai a ƙasa, kuma wanda wuta ba ta zo masa ba babu rangwamen da ya amfana da shi. Lalle ya kamata a yanki wani kaso a sayi manyan batura masu tara wuta, daga hasken rana ko daga layi, su sake ta idan an ɗauke.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Bauchi. A 2021 aka buɗe tashar hasken rana mai batura a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ƙarƙashin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara. Abin da aka yi wa jami'a ana iya yi wa injinan tura ruwa na madatsar Gubi, da asibitocin gari, da kasuwannin Wunti da Muda Lawal.

Wasu za su ce batir yana da tsada, kuma yana mutuwa. Gaskiya ne. Sai dai farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa 2023, man gas na janareto kuwa ya ninka sau da yawa. Maganin mutuwar batir shi ne a ware kuɗin gyara da na canji tun ranar ba da kwangila, a kuma koyar da samarin jihar aikin kula da shi.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. A ƙarshen shekarar kuma Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 750 domin irin waɗannan ayyuka a Nijeriya. Saboda haka uzuri ya ƙare. Wajibi ne Gwamnatin Jihar Bauchi da wakilan jama'a a majalisa su nemo rabon jihar, su bayyana wa talakawa inda aka sa kowane kwabo, tun kafin wani turke ya sake faɗuwa.