Masu yanke salansar tirela, Kwangila ba bolarku ba ce

1/
Yau da masu tirela da tifa nake, musamman masu kai mota wurin mai walda a yanke salansa a jona ƙaton bututu fanko. Ku kuna kiransa gyara. Ni ɓarna nake kiransa, kuma mutanen Kwangila ne ke biyan kuɗin da huhunsu da kunnuwansu. Ku biyo ni.

2/
Duk ɗan Zariya ya san gadar Kwangila. Nan hanyar Kaduna zuwa Kano ta haɗu da wadda ta bi Samaru da Shika ta nufi Funtuwa. Manyan motoci ba sa yankewa dare da rana. A gefen titin kuwa ga masu shayi, masu rake, 'yan acaba, yara 'yan talla. Bakin bututun nan daidai fuskarsu yake.

3/
Hujjar direbobi ta farko: "Ai yana ƙara wa mota ƙarfi." Gaskiya ne salansar da ta toshe tana shaƙe inji. To maganinta a wanke ta, ko a sa wata mai kyau daidai girman injin. Ƙara daban, ƙarfi daban. Injiniyoyin DAF da MAN ba don ado suka liƙa ta ba.

4/
Baƙin hayaƙin da wasu ke taƙama da shi fa? Gas ne da bai gama ƙonewa ba. Ko nozul ya lalace, ko matatar iska ta cika da ƙura, ko an taɓa famfon mai. Wato kuɗin mai gidanka kake fesawa sama, a wannan tsadar, kana murna. Haba malam!

5/
Hujja ta biyu ta fi nauyi. Tirelolin beljiyam na baya-bayan nan suna zuwa da matatar toka da tankin AdBlue, saboda dokar hayaƙi ta Turai. Gas mai yawan sulfa yana kashe waɗannan kayan da wuri. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda ake turo wa Afirka ta Yamma irin wannan ƙazamin man.

6/
Na yarda da wannan. Amma hujja ce ta mu matsa a ba mu mai mai tsafta. Ba ta ba kowa lasisin yanke salansa ba, don ita rage ƙara take yi, babu ruwanta da sulfa. Kar a fake da guzuma a harbi karsana.

7/
Masu ƙananan motoci, ku ma kar ku yi dariya. Abin nan da makanikai ke kira indomie, wanda ake fasa salansa a ciro a sayar, shi ke rage gubar hayaƙi. Ana rububinsa ne saboda ƙarafa masu tsada irin su filatinam da ke cikinsa. Wani ya ci kuɗi, kai ka tafi da mota mai wari.

8/
A 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin injin gas a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Ta huhu. Direba minti biyu zai yi a Kwangila ya wuce. Yarinya mai tallan gyaɗa nan za ta wuni, gobe ta dawo.

9/
Kunne ma haka. Ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum yana shan ta awa 8 kullum, tana cinye ji a hankali. Kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, ko an je asibitin koyarwa na Shika.

10/
Direba, kai ma ba ka tsira ba. Waldar da ke yoyo tana turo hayaƙi cikin kan mota inda kai da yaronka kuke kwana. Tireloli da yawa suna da birkin salansa mai taimakawa a gangara, in mai walda ya ɓata shi, birkin ƙafa zai ɗauki duk nauyin har ya yi zafi. Tankar mai da bututu mai tartsatsi kuwa, Allah ya kiyaye.

11/
Kuma ba wai babu doka ba. NESREA ta fitar da dokar ƙara a 2009, ta hayaƙin motoci a 2011. Ga VIO, ga 'yan Road Safety. Ga NITT, cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa baki ɗaya, a nan Zariya, hanyar Basawa. Amma tirela za ta wuce tana aman hayaƙi, takardu kawai za a tambaya.

12/
Abin da nake nema kaɗan ne. Masu motoci, ku hana a yanke. Masu walda, ku ce a'a ko da kuɗin ya yi daɗi. NARTO da NURTW, ku sa shi cikin ƙa'idar tasha. Jami'ai, ku duba bututu kamar yadda kuke duba lasisi.

13/
Mu matasa kuma mu daina tafa wa tirela mai ruri muna cewa ta haɗu. In kana da ɗan'uwa direba ko mai walda, tura masa wannan. In yana da hujjar da ta fi tawa, ya kawo, ina nan.